Taya biyu a ƙasa: abin da ya sami motar Alhaji a hanyar Baltimore

Ɗan yayata ne ya kira ni, tsakanin la'asar da magariba. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, motar tana hayaƙi."

Na ce, "Wacce? Tawa ko ta Alhaji?"

"Ta Baba."

"Injinta a kashe yake?"

"A kashe yake, Kawu. Makullin ma yana aljihuna."

Mota ce aka ɗora ana ja, injinta a kashe, to me zai yi hayaƙi a jikinta? Abu biyu kawai suka zo mini: ko an manta hambirki ba a sauke ba, ko kuma wani abin da ya fi wannan muni. Na ce ya tsaya inda yake, kada ya ƙara ko taku ɗaya, ga ni nan zuwa.

Na fi shekara goma ina tuƙa tirela a Amurka, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio. Na rubuta wannan lamari dalla-dalla ne saboda yaranmu da yawa a nan suna saya wa iyayensu da yayyensu mota su tura gida, kuma kusan kowannensu sai ranar da hayar kayan jan mota ta zo masa a matsayin hanya mafi sauƙi.

Yadda abin ya faro

Yaron ɗalibi ne, yana shekararsa ta biyu a jami'a. Mahaifinsa, mijin yayata, ya turo kuɗi daga Kano a nema masa mota mai ɗan tsayi, wadda za ta jure hanyar gona. Yaro ya yi ta bincike har ya samo Toyota RAV4 a hannun wani mutum a bayan gari. Ta yi sauƙi saboda an taɓa bugunta ta baya, an sauya mata murfin but gaba ɗaya. Ya tuƙa ta, inji lafiya, giya lafiya, ya biya, aka miƙa masa takardar mallaka. Mai motar ya kwance lambarsa ya tafi da ita, domin a Ohio lamba ta mutum ce, ba ta bin mota idan an sayar.

Ga mota ba lamba, ba inshora, ga tashar jiragen ruwa ta Baltimore a nisan mil 420 ko kusa da haka, wato wajen kilomita 670. Baltimore na cikin manyan tashoshin Amurka da ake loda motoci, daga can jirage ke kwasar su zuwa Legas da Kwatano. Dokar kwastan ta Amurka kuma ta ce sai an gabatar da takardar mallakar mota ta asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, saboda haka wakilin masu jirgi ya ba yaron ranar da lalle motar ta iso.

Ya tambayi masu dakon motoci, suka faɗa masa kuɗi, ya ga da yawa. Kuɗin kuwa ba nasa ba ne, na mahaifinsa ne, yana son ya mayar da canji. Wannan niyya ce mai kyau, kuma har yau ban daina ganinta a haka ba. Sai ya zo ya ce, "Kawu, a ara mini a-kori-kurarka kwana biyu, zan ɗauko hayar abin ja in kai motar Baba da kaina." Motata tana da ƙarfen ja tun daga kamfani, da wayar fitilun tirela. Na tambaye shi ko ya taɓa ja, ya ce a'a amma ya kalli yadda ake yi. Na ja masa kunne a kan gudu da kwana, na miƙa masa makulli, na fita aiki. Tambayar da ta fi kowacce muhimmanci kuwa ban yi ta ba.

Kayan haya iri biyu

A Amurka hayar kayan ja ba wani abin mamaki ba ne. Tun 1945 da Leonard Shoen ya kafa U-Haul a jihar Washington aka saba da mutum ya ɗauki tirela a wani gari ya ajiye ta a wani, kuma yau kamfanoni da shaguna masu wannan harka suna ko'ina. Ba a neman lasin ɗin manyan motoci, lasin ɗin da kake tuƙa ƙaramar motarka da shi ya isa. Sauƙin abin ke nan, haɗarinsa ma ke nan: wanda bai taɓa ja ba jiya, yau yana kan babbar hanya da tan biyu a bayansa.

Mai son jan mota yana da zaɓi biyu. Na farko ɗan amalanke ne mai taya biyu, Amurkawa na ce masa doli. Ana hawar da tayoyin gaba na motar a kansa a ɗaure su da ragar bel, tayoyin baya kuma suna ƙasa suna bin kwalta. Nauyinsa wajen kilo 340 ne, kuma da yawa daga cikin na haya ba su da birki. Na biyu cikakkiyar tirela ce mai taya huɗu, mota ta hau gaba ɗayanta ta zama kaya, ba abin da ke taɓa ƙasa a jikinta. Ita nauyinta ya kai tan ɗaya ba kaya, tana da birkinta, hayarta kuma ta ɗan ɗara.

Yaron ya zauna da wayarsa ya cika tambayoyin kamfanin haya. Shekarar mota, sunanta, samfurinta. Sai aka zo kan tambayar da wace taya take ja. RAV4 iri biyu ce, akwai mai ja da gaba kaɗai, akwai mai ja da huɗu, wadda makanikanmu ke cewa fowil. Ya fita ya duba bayan motar bai ga wata alama ba, ya tuna mai motar ya ce masa ba ta shan mai, sai ya danna mai ja da gaba. Na'ura ta amsa masa cewa doli ya yi. Ya biya.

Alamar da yake nema tana jikin tsohon murfin but ne, wanda aka cire aka jefar bayan haɗari.

A kan hanya

Lodin da ya yi ba laifi, wannan na gani da idona daga baya. Ya hawar da motar fuskarta gaba, ya daidaita sitiyari ya kulle, ya sa giya a fakin, ya ɗaure ragar tayoyin, ya sauke hambirki, ya giciye sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin wuyan dolin yadda ko ƙugiya ta fita wuyan zai faɗa kansu maimakon ya soki kwalta. Ya gwada sigina da fitilar birki. Ya kama hanya mai lamba 70 ya nufi gabas bayan azahar.

A jikin dolin an rubuta kada a wuce mil 55 a awa, wato kilomita 88. Amma a wannan hanya doka ta yarda da mil 70 a wajen gari, kowa yana wuce ka, manyan motoci suna kaɗa ka da iska. Yaro ya jure na ɗan lokaci, sannan ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Da bakinsa ya faɗa mini yawancin tafiyar yana tsakanin 65 da 70.

Bayan ya wuce Zanesville ya tsaya a wurin hutawa. Ragar tayar hagu ta ɗan saki, abin da aka saba gani a farkon tafiya idan taya ta zauna, ya ƙara ɗaure ta. Yana zagayowa ta bayan motar ya ji ƙauri. Ya buɗe ya duba hambirki, a sauke yake. Ya taɓa tayoyin baya, ɗumi ne kawai. Ga manyan motoci jere a wurin, kowacce da warin birkinta, sai ya ce nasu ne. Ya tayar ya ci gaba.

A nan ne motar ta yi magana, ba a fahimce ta ba. Da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta a wannan tsayawa, ina kyautata zaton da sauya mai kaɗai za a yi, ko a ɗan taɓa abu kaɗan. Amma wa ya faɗa masa akwai abin leƙawa? A kansa tayoyin baya 'yan rakiya ne, ba abin da ya haɗa su da inji.

Ya ƙetare kogin Ohio a Wheeling, ya ratsa ɗan yankin jihar West Virginia, ya shiga Pennsylvania. Kusa da garin Washington na wannan jiha wani direba ya jero da shi yana hon yana nuna baya da hannu. Ya duba madubi ya ga wani siririn hayaƙi fari-fari yana fita daga ƙarƙashin RAV4. Ya sauka a mafita ta farko ya faɗa wani gidan mai, cikin ruɗewa ya kutsa wani lungu da ba ya ɓullewa. Doli kuwa ba a yin ribas da shi idan da mota a kai, domin wurin lanƙwasa biyu gare shi, kana komawa baya yake naɗewa ya daki motar da ke kansa ko ya murɗe wuyansa. Can na same shi bayan wani abokina ya kawo ni, dare ya yi, yana zaune a kan dakalin siminti ya haɗa kai da gwiwa. Ya yi mil 150 da ɗoriya yana jan motar.

Abin da na gani a ƙarƙashi

Na kunna tocila na kwanta rigingine. Ban yi daƙiƙa biyar ba na gane. Ga farfela nan, doguwar sandar ƙarfe, ta taso daga wajen giyabos ta miƙe har aksul ɗin baya. Motar da ke ja da gaba kaɗai ba ta da wannan sanda, ƙarƙashinta fayau yake sai salansa. Inda farfelar ta haɗu da aksul ɗin kuwa fentin wurin ya toye ya kumbura, mai ya tsattsafo ya yi baƙi ƙirin ya fantsama har kan salansa, shi ne ke hayaƙin. Awa uku da tsayawa amma har lokacin da ɗumi a jikin ƙarfen. Na dangwali man na shinshina, ƙaurinsa kamar na tukunyar da aka manta a kan wuta.

Na fito na buɗe ƙofar direba na haska. Ga wani ɗan maɓalli nan mai zanen tayoyi huɗu, wanda ake dannawa idan an shiga yashi ko taɓo. Na nuna masa na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya ce ya gan shi, bai san na mene ne ba.

Bari in tsaya a nan in warware abin, domin duk lamarin a kansa ya rataya.

Motar da ke ja da gaba, irin yawancin Corolla da Camry, inji da giya duk tayoyin gaba suke juyawa. Idan ka ɗaga gabanta, tayoyin baya za su yi ta gara daga nan har Kalifoniya ba abin da zai same ta. Don irinta aka ƙera doli.

Mai ja da baya, irin Fijo 504 ta da can da yawancin Marsandi, ƙarfinta ta farfela yake bi zuwa tayoyin baya. Idan ka ja ta tayoyin baya na ƙasa, su ne za su koma suna juya farfela, farfela ta juya cikin giyabos. A mota otomatik kuwa famfon da ke watsa man giya inji ne ke tuƙa shi. Inji a kashe, famfo a tsaye, ƙarafa suna ta gudu ba mai. Shi ya sa ake kwance farfela kafin a ja irin wannan mota nesa.

Ita kuma RAV4 mai ja da huɗu, da ire-irenta, a tafiyar yau da kullum gaba ne ke yawancin aikin. Farfela tana juyawa tare da tayoyin gaba, a ƙarshenta kuma, dab da aksul ɗin baya, akwai wani kuloci mai faya-fayan ƙarfe jere a cikin mai. Idan na'urar motar ta ji gaba na santsi sai ta matse faya-fayan nan, baya ya kama. A kan hanya lafiyayya ɓangarorin kulocin biyu kusan gudu ɗaya suke yi, saboda tayoyi huɗun tafiya ɗaya suke, don haka gugar da ke tsakaninsu kaɗan ce. To a kan doli me ya faru? Tayoyin gaba a ɗaure, giya a fakin, farfela a tsaye cak. Tayoyin baya kuwa suna gudun mil 65. Rabin faya-fayan a tsaye, rabi suna wulwulawa a jikinsu. Kamar mace ta yi ta gurza ɗan dutsen niƙa a kan uwar ba hatsi a tsakani, daga hantsi har yamma. Taya irin ta motar nan tana juyawa sama da sau 700 a kowane mil, ke nan a tafiyar yaron ta juya fiye da sau 100,000, abin da ke cikin aksul kuma ya fi tayar saurin juyawa. Mai ya yi zafi ya tsinke, robar da ke tare shi ta narke, faya-fayan suka cinye juna. Littafin da Toyota ke sa wa a cikin motar ya hana a ja mai ja da huɗu tayoyinta biyu na ƙasa. Littafin ba ya cikin motar lokacin da aka saya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin ganewar. Leƙa ƙarƙashi ya isa. Maɓallin nan ya isa. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, in an shigar da ita shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta za ta nuna bayanan ƙirar motar. Kowanne ba zai ci minti biyar ba.

Sauran hanyar

Muka sauke motar, muka kwance dolin muka juya shi da hannu, muka kwana a wani masauki. Da safe na kira kamfanin haya na faɗa musu gaskiya. Suka samo mana cikakkiyar tirela a wani gari kusa, muka mayar da dolin muka ƙara kuɗi. Yaron ya tambaya ko inshorar da ya saya tare da hayar za ta biya. Matar da ke wurin ta buɗe takardar da ya sa wa hannu ta nuna masa layin: lalacewar giya ko inji ta dalilin ja ba ta ciki, ga kuma amsar da ya bayar da kansa cewa motar da gaba take ja. Ba ta yi mana wulaƙanci ba, mu ma ba mu da ta cewa.

RAV4 ta hau tirelar da ƙafarta, tana wani gurnani daga baya. Na sa yaron ya yi lodin ina tsaye a kansa. Fuskar mota gaba, har sai tayoyin sun dangane da tokarin gaban tirela, domin nauyin inji ya kamata ya kasance gaban tayoyin tirelar. Ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyin ya sauka a kan ƙarfen ja. In nauyi ya koma baya, wuyan tirela ya yi sakayau, to da an ɗan taka gudu za ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta juya motar da ke janta. Na sha ganin ƙarshen wannan a gefen hanya. In ta fara, ba a taka birki, ba a kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa ake yi daga totur a riƙe kan mota a miƙe har ta lafa.

Muka gangara ta hanya mai lamba 79 zuwa Morgantown, muka ɗauki mai lamba 68. Wanda bai san wannan hanya ba, ita ce ke ratsa duwatsun yammacin Maryland, hawa da gangara ba hutu har Hancock. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja da rawaya, dazuzzuka kamar an kunna musu wuta, amma ni idona yana kan alluna. A gangarar da ke saukowa wajen Cumberland akwai wata hanya da aka ware a gefe aka cika da tsakuwa, domin babbar motar da birkinta ya mutu ta faɗa ciki ta nutse ta tsaya. Na nuna masa ita. Tun daga saman tudun na sauke giya, inji ya ɗauki ƙara yana riƙe mu. In gudu ya ƙaru sai in taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci in saki gaba ɗaya ya sha iska. Duk takawar da na yi muna jin tirelar ta ɗan dafo mu sannan ta ja baya: wuyanta ne ke matsewa, matsewar ta tura man birki zuwa tayoyinta, ta taya mu tsayawa.

Yaron ya yi shiru yana kallon madubi. Can ya ce, "Kawu, da dolin ne fa?"

Na ce da dolin ne, da motar Alhaji mai kilo 1,600 da dolin kansa duk a kan birkin a-kori-kura suke, kuma shi da bai taɓa saukar dutse da kaya ba, ƙafarsa zai ɗora a kan birki ya bar ta har ya yi laushi. Ban ƙara komai ba, shi ma bai ƙara tambaya ba. Ni dai tun daga wannan gangara nake ganin hayaƙin nan da ya tsayar da shi a Pennsylvania rahama ce.

Gyara, da wayar Kano

A bayan garin Baltimore muka kai ta gareji. Makaniken ya ɗaga ta ya zubar da man aksul a faranti, ya fito baƙi da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Kulocin ya ƙone, boris ɗin aksul ɗin ma ya ci wuta. Giyabos kuwa Allah ya tsare shi. Hanya biyu ya ba mu. Ko a cire farfela a tura motar haka, ta tafi da gaba kaɗai, a gyara a gida. Ko a samo aksul da kulocinsa na hannu daga wurin masu fasa motoci a ɗora.

Yaron ya fi son ta farko. Jirgin da motoci ke shiga da ƙafarsu abin da ya dame shi mota ta tashi ta yi tafiya, kuma za ta yi. Za mu cimma ranar da aka ba mu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, in ji shi, ba abin da ba a samu. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuma ba sai Baba ya ji yanzu ba."

Wannan ne ban yarda da shi ba. Mutum ya ce a saya masa mota don hanyar gona, Allah ya sa aka dace da mai ja da huɗu ba a ma sani ba, sai kuma a aika masa da ita gurguwa, ya gano a bakin makanike? Kuɗin gyara ƙaramin abu ne a kan abin da zai shiga tsakanin uba da ɗa a ranar. Na kira Kano yaron yana zaune gefena.

Bayan gaisuwa na ce, "Yaya Alhaji, an samu akasi a motar, kuma da hannuna a ciki." Na faɗa masa komai. Ya yi shiru har na duba ko wayar ta yanke. Sai ya ce, "Yaron lafiya?" Na ce ga shi nan. Ya ce, "To, Allah ya sa iyakarta ke nan. A gyara a nan inda kuke, kar a kawo mini rabin mota." Ya ce a ba shi ɗansa. Ban ji abin da suka faɗa ba, na dai ga yaron yana ta "To Baba, to Baba," yana share ido da bakin riga.

Samo kayan ya ɗauki kwana huɗu. Jirgin ya tafi ya bar mu, aka jira na gaba, aka biya kuɗin ajiya. Da na zauna na yi lissafi, bambancin hayar doli da ta tirela bai kai kuɗin man da muka sha a hanya ba. Gyara da masauki da ajiya kuwa sun ninka wannan bambanci fiye da sau goma, sun kuma zarce abin da masu dakon motoci suka nema tun farko. Garin neman gira aka rasa ido. Rabin kuɗin ni na biya, rabi yaron ya biya a hankali daga ɗan aikin da yake yi a makaranta. Mahaifinsa ya so ya ɗauke masa, shi ya ƙi.

Ina laifin yake

Kamfanin haya ba ya ganin motarka, abin da ka faɗa masa shi yake aiki da shi. An yi wa yaron tambayar da ta dace, ya ba da amsar da yake zaton gaskiya ce. Zan so a ce ma'aikacin da ya ɗaura masa dolin ya ƙara tambayarsa ko ya tabbata, amma lokacin RAV4 ba ta wurin, tana can inda aka saye ta. Mai motar bai yi ƙarya ba, ba a tambaye shi ba ne.

Yaron ya yi kuskure uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Gudun da ya yi ya gaggauta ɓarnar, amma ko a mil 55 ya tsaya kulocin nan ƙonewa zai yi, sai dai a ɗan gaba. Ƙaurin da ya ji ya wuce shi ne ya mayar da ƙaramin gyara babba. Tushen kuwa shi ne amsa tambayar da bai san amsarta ba, da zato. Wannan hali na san shi a yaranmu masu ilimi, kunyar su ce ban sani ba take hana su ɗaga waya.

Amma wa zai ɗaga wa wayar? Ni. Kuma na riga na nuna masa, da yadda na miƙa makulli na fita, cewa abin ba wani abu ba ne. Sana'ata ke nan, kullum kafin in tashi sai na zagaye tirelata da tocila na duba taya da birki da ƙugiya. Na san bambancin doli da tirela, na san duwatsun hanya mai lamba 68, na san RAV4 iri biyu ce. Motar tana ajiye mil ashirin daga gidana. Da na je na kwanta a ƙarƙashinta ranar, da ba a yi wannan rubutu ba. Saboda haka kaso mafi girma nawa ne, haka na faɗa wa Alhaji, haka na faɗa wa yayata da ta kira tana faɗa.

Kafin mu miƙa motar ga wakilin masu jirgi na tuna wani abu. A gida in mota ta mutu a hanya, ko dai a ɗaura mata igiya wani ya zauna a ciki yana riƙe sitiyari, ko a kira janwe ya ɗaga gabanta ya ja ta tayoyin baya na ƙasa. Wannan na biyun shi ne daidai abin da doli ya yi mata, na farkon kuma giyar otomatik yake ci in tafiyar ta yi nisa. Na sa yaron ya rubuta a takarda da Hausa, da manyan baƙi: motar nan da taya huɗu take ja, kada a ja ta sai an ɗora ta gaba ɗaya a kan mota. Muka liƙa a cikin murfin aljihun gaba, muka liƙa wata a bayan makarin rana na direba.

Motar ta sauka Legas, direba ya kawo ta Kano, yanzu damina biyu ke nan tana zuwa gona. Alhaji ya ce idan ta kai kilomita 100 a awa yana jin wani ɗan gunji daga baya. Makanikensa ya ce taya ce. An sauya tayoyin, gunjin ya ragu amma bai tafi ba. Na ce a zubar da man aksul a faranti a ɗauko mini hotonsa, har yanzu ina jira.